Yadda za ki ci waken soya ba tare da kin takura wa ƙwan mahaifarki ba

'Yar uwa, waken soya na ɗauke da sinadarin isofilabon, yana kama da estirojin ɗin jikinmu (sinadarin da ke daidaita al'adar mace) amma bai kai shi ƙarfi ba, sam. A abinci ki ci shi daidai misali, ki bar ƙwayoyin kanti ɗin nan da ake tattara sinadarin a ciki don su ne ke yin yawa. Ga misalin illar yawansa: a shekarun 1940 tumakin Ostireliya da suka dinga kiwo a ciyawa mai irin wannan sinadarin haihuwa ta gagare su. Ki riƙa rubuta ranakun al'adarki, don cin waken soya da yawa kan ɗan tsawaita zagayen. In kina neman ciki ko kina shan tamoxifen (maganin kansar mama), don Allah ki fara tambayar likita.