Yadda ake buga hatimin roba a jikin kati

Da farko ki shimfiɗa katin kan tebur mai laushin sama, ko ki sa tsohuwar jarida a ƙarƙashi. Sai ki riƙa dangwala hatimin kan fad ɗin tawada a hankali, sau uku ko huɗu, kar ki goga shi, gogawa ke sa tawada ta cika ramukan zanen ya fito duk a dagule.

Gwada a wata takarda tukunna, wallahi wannan gwajin ya ceci katuna da yawa.

In ya yi, ki ɗora shi a miƙe, ki danna ko'ina daidai ba tare da jijjigawa ba, ki ɗaga sama tsaye. Ki bari ya bushe sosai, takarda mai sheƙi tana daɗewa. Sai ki goge hatimin da tsumma mai ɗan laima.