Ba fayil ɗin ne ya lalace ba, manhajar da ke buɗe shi ce

Na gaji da jin "Masta, fayil ɗina ya lalace." Shagona na buga takardu da gyaran kwamfuta yana Aboabo, nan Kumasi, kuma da wuya mako ya wuce ba wanda ya shigo da wannan kuka. Sau tari lafiyar fayil ƙalau, manhajar da aka ɗora wa buɗe shi ce ba ta dace ba.

Windows ba ya leƙa cikin fayil. Wutsiyar sunan kawai yake dubawa, .pdf ko .docx ko .jpg, kowace da manhajar da aka haɗa ta da ita. Abin haushi, a ɓoye wutsiyar take zuwa. Ni duk kwamfutar da ta shigo hannuna, kafin komai sai na buɗe File Explorer, na shiga View, na kunna File name extensions. A Windows 11 sai an bi ta Show tukuna. Nan ne za ka ga "rasit.pdf.exe" ba rasit ba ne, tarko ne, don .exe wutsiyar manhaja ce, ba ta takarda ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai kuwa .csv ne, wato fayil na jerin bayanai a rubutu zalla, kuma da hannuna na yi ɓarnar. Wani Alhaji, sakataren ƙungiyar unguwa, ya kawo filashi da lambobin wayar mambobinsu, za a tura musu saƙon taro. Suna ɗaya ya ce in gyara. Na danna sau biyu, Excel ya buɗe, don shi aka ɗora wa .csv. Na gyara, na adana, na miƙa masa filashinsa. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo: "Yarona, me ka yi wa lambobin nan?" Duk wadda ta fara da 024 sifirinta ya tafi, don Excel lissafi ya ɗauke ta, kuma a lissafi sifirin farko ba ya da amfani. Wannan da sauƙi. Waɗanda aka rubuta da 233, lambar ƙasar Ghana, a gaba, lamba goma sha biyu ke nan, sun koma 2.33244E+11, kuma haka suka zauna cikin fayil ɗin da na adana. Sauran lambobin da ke bayan 233244 sun bi iska. Babu kwafi ko ɗaya! Dare uku na yi ina kwafowa daga littafin rajistarsu mai rubutun hannu, ko sidi ɗaya ban karɓa ba. Laifina ne, Excel aikinsa ya yi. Tun ranar, .csv a shagona da Notepad yake buɗewa. In aikin na Excel ne, ta Data nake shiga, sai From Text/CSV, in mai da layin lambobin Text kafin su sauka. Wasu na cewa na cika tsoro. Su ce.

Sai ku yaran shago, masu hannun da ya fi ido sauri. Kwamfuta ta tambaye ka da me za ta buɗe, ka ga Always da Just once, ka danna Always ko karantawa ba ka yi ba. Ai ba fayil ɗaya ka yi wa hukunci ba, duk masu irin wutsiyarsa ne. Wani yarona ya ɗora .jpg a kan Word, hotunan bikin mutane suka koma rubutun aljanu, ya zauna yana zufa wai ƙwayar cuta ce. Sauri ya haifi nawa. In gwaji kake, Just once. In ka riga ka yi, danna dama a kan fayil, Open with, Choose another app, ka zaɓi ta gaskiya, sannan Always. Ko ka bi Settings, Apps, Default apps.

Canja wutsiya daga .docx zuwa .pdf ba ya mai da takarda PDF. Save As za ka bi. Kada ka goge manhaja don kawai ta ƙwace fayil, canja zaɓin ya isa. PDF ya buɗe a Edge, manhajar shiga intanet ta Windows, ba ciwo ba ne, haka Windows yake zuwa, in ba ka so ka sauya. Mai Mac kuma, Get Info, Open with, kuma kada ya manta Change All, in ba haka ba fayil ɗin nan kaɗai ya gyara.