Darasi na 9: Shan hantsi da shan inuwa

Yawancinmu yanzu da an idar da sallar asuba, waya hannu ke fara lalubowa. Daga nan sai shago, ko kasuwa, ko gindin murhu, har magariba ta yi mutum bai ɗaga kai ya dubi sama ba. Iyayenmu kuwa sun san daɗin shan hantsi. Da hunturu za ka ga tsoho ya shimfiɗa buzu a jikin katanga, ya miƙe ƙafa, carbi a hannu, rana tana ratsa shi. Kada ka ɗauka zaman banza yake yi.

Hasken safiya ne ke sanar da jiki gari ya waye. Wanda ya saba fita cikinsa da wuri, barci kan zo masa da sauƙi idan dare ya yi. Sannan idan rana ta taɓa fata, jiki yana haɗa bitamin D, wanda ke ƙarfafa ƙashi. Matan da ba su cika fita ba, ku kuka fi kowa bukatar jin wannan. Ai hantsi leƙa gidan kowa ne, a jawo tabarma tsakar gida a yi tsintar shinkafar a can maimakon cikin ɗaki. Sai dai kada a zuba wa rana ido kai tsaye, tana ɓata gani.

A shekarar 2019 aka fitar da sakamakon wani bincike da ya shafi mutum kusan 20,000 a Ingila. Waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa, ko fili mai ciyawa, ko bakin ruwa, sun fi sauran cewa suna jin lafiyar jiki da kwanciyar hankali. Kuma ba sai a zama ɗaya ba, ko a gutsuttsure aka yi ya samu.

Wani zai ce su can suna da lambunan shaƙatawa, mu fa? Muna da darbejiya a ƙofar gida, da tsamiya a bakin kasuwa, da kukar bayan gari. Abin da ya rage shi ne idan ka zauna, ka zauna da idonka da kunnenka, waya tana aljihu. Saurari kukan kurciya. Dubi yadda ƙadangare ke gyaɗa kai a kan katanga kamar an tambaye shi wani abu. Lura da gawo, wanda ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar, shi ya sa manomi ke son sa a gona, ba ya tare wa gero rana. In ka ga shamuwa ta dawo tana ɗaukar kara tana gyara sheƙa, ka san ruwa ya kusa. Mai bin irin waɗannan da ido, tunanin bashi da na cefane kan sake shi na ɗan lokaci, numfashinsa ya lafa.

Wanda ba shi da bishiya kusa, ya kafa reshen zogale a tsakar gida ko a tsohon bokiti, ya riƙa ba shi ruwan alwala. Mai asma ko tari kuwa, ranar da hazo ya yi kauri ya dakata, ko ya rufe hanci da baki.

Karanta da ƙarfi, ka lura da haruffa masu lanƙwasa: ƙashi, ƙafa, ɗaki, ɓata, sheƙa, ƙadangare.

Lissafi: raba minti 120 gida 7. Minti nawa ke nan a rana? Nawa ya rage?

Tambaya: me ya sa manomi ba ya sare gawo a gonarsa?

Aikin gida: zaɓi wuri ɗaya, ka zauna minti 15 kullum har kwana 7. Kowace rana rubuta kwanan wata da abu ɗaya da ka gani ko ka ji, ko da kalma uku ce. Misali: "Talata, balbela biyar." Ka zo da littafinka aji na gaba.