Yadda za a bi diddigin tarihin gasar sarauniyar kyau ta Najeriya

Duk wanda ya ƙudiri aniyar rubuta tarihin gasar sarauniyar kyau ta Najeriya, wadda aka fi sani da Miss Nigeria, ko ɗalibi ne da aka ba shi aikin bincike, ko ɗan jarida, ko jikan wata daga cikin matan da suka shiga gasar, zai tarar cewa abin da ke yawo a intanet bai wuce jerin sunaye da shekaru ba, kuma galibi wani ne ya kwafo daga wani ba tare da ya duba ba. Hanyar da ta dace ita ce a koma ga jaridun da aka buga a lokacin, sannan a nemi bakin waɗanda suka gani da idonsu. Na san cewa da yawa daga cikinmu ba su yarda da irin wannan gasa ba saboda addini da al'ada, amma rubuta abin da ya faru daban ne da goyon bayansa, kuma ko mai suka yana bukatar ya san gaskiyar abin da yake suka.

Abu na farko shi ne a kafa ginshiƙin labarin kafin a fita daga gida. Jaridar Daily Times ta Legas, wadda aka kafa a 1926, ita ce ta fara shirya gasar a 1957, shekaru uku kafin samun 'yancin kai. A wancan karon 'yan mata hotunansu suka aika ofishin jaridar, aka tace, sannan aka gayyaci waɗanda aka zaɓa zuwa Legas domin zagayen ƙarshe. Wadda ta yi nasara ita ce Grace Oyelude, haifaffiyar Kano, wadda iyayenta mutanen Isanlu ne a Jihar Kogi ta yanzu. An ba ta kyautar fam 200, daga baya kuma ta tafi Ingila ta koyi aikin jinya, ta dawo ta yi aiki a asibitocin Arewa. A rubuta waɗannan a shafin farko na littafin bincike, domin duk wani bayani da za a samu daga baya da su za a auna shi.

Daga nan sai a raba gasa da gasa, domin nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Miss Nigeria ta Daily Times daban ce da gasar Most Beautiful Girl in Nigeria ta kamfanin Silverbird, wadda ta fara da wannan suna a 1986. Agbani Darego da ta zama sarauniyar kyau ta duniya a 2001 daga gasar Silverbird ta fito. Idan aka ga marubuci ya haɗa su wuri guda, to a yi taka-tsantsan da sauran abin da ya faɗa.

Haka nan dole mai bincike ya riƙe taswirar wancan zamani a ransa. A 1957 babu jihohi, yankuna uku ne, wato Arewa da Yamma da Gabas, kuma sai a 1967 aka ƙirƙiro jihohi 12. Saboda haka kuskure ne a rubuta cewa wata ta wakilci Jihar Kano ko Jihar Kogi a wancan lokaci. Nene Etule da ta lashe gasar a 1959 'yar Kudancin Kamaru ce, yankin da ake mulkinsa tare da Najeriya har zuwa 1960, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗa shi da ƙasar Kamaru. Kuɗin ma fam ne da sule, sai a 1973 naira ta shigo, don haka a bar adadin kyauta yadda jaridar ta buga shi, kada a mayar da shi naira ta yau da ka.

Babban aikin yana ɗakin adana kayan tarihi. Hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa tana da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna, ga kuma Arewa House a Kaduna da ɗakunan karatu na tsofaffin jami'o'i. Kafin a yi tattaki, a fara tambaya ko suna da Daily Times ta shekarar da ake nema, domin ba kowane wuri ne yake da cikakken jeri ba. A tafi da takardar gabatarwa daga makaranta ko wurin aiki, da katin shaida, da fensir da littafin rubutu. Tsofaffin jaridu a ɗinke suke wata-wata cikin manyan kundaye masu nauyi, takardar ta yi ja, gefenta yana marmashewa da zarar an ja shi da ƙarfi, saboda haka a sa tafin hannu a ƙarƙashin shafi a juya shi a hankali, kada a lashi yatsa, kada kuma a jingina gwiwar hannu a kai. Idan ana son ɗaukar hoto da waya, a nemi izinin ma'aikacin da ke kula da ɗakin tukuna.

Kada a tsaya ga fitowar ranar da aka naɗa sarauniya kawai. A koma baya makonni da dama a nemo sanarwar farko da ta gayyaci masu shiga, domin a cikinta ake samun sharuɗɗan gasar da kyaututtuka da sunayen kamfanonin da suka ɗauki nauyi. A duba tallace-tallacen da ke gefen labarin, na sabulu ne ko na man shafawa ko na atamfa, domin su ne ke nuna wanda yake neman kasuwa ta hanyar gasar. Shafin wasiƙun masu karatu kuwa, a ganina, ya fi komai daraja, tunda nan ne ake jin muryar masu yabo da masu tir. Duk abin da aka kwafa a rubuta sunan jarida da rana da lambar shafi a take, domin wanda ya bar wannan sai ya koma gida ba zai iya tunawa ba.

Mai son sanin yadda Arewa ta kalli al'amarin sai ya nemi jaridun Nigerian Citizen da Gaskiya Ta Fi Kwabo, waɗanda ake bugawa a Zariya a wancan lokaci. Kada a ɓata lokaci wajen neman labarin 1957 a New Nigerian, domin sai a 1966 ta fara fitowa. Idan an duba ba a ga komai ba, a rubuta watannin da aka duba daidai, domin shirun jarida ma shaida ce.

Bayan takarda sai mutane, kuma a nan ladabi ya fi wayo amfani. Matan da suka shiga gasar a shekarun 1950 da 1960 waɗanda suke raye yanzu kakanni ne, wasu suna alfahari da abin, wasu kuwa ba sa son a tayar da shi a gaban surukai da jikoki. A bi ta hannun ɗa ko 'ya a nemi izini, a je a gaishe ta yadda ya kamata, a kira ta Mama ko Hajiya gwargwadon yadda 'yan gidan suke kiranta, a bayyana mata inda maganar za ta fita kafin a kunna na'urar ɗaukar murya. A fara da tambayar da za ta saki jiki da ita, kamar wane ne ya ɗinka mata kayan, a wace mota ko jirgi ta tafi Legas, me iyayenta suka ce. Idan ta fito da hoto daga ƙasan akwati, a juya bayansa, domin sau da yawa akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan gari, wani lokaci har da kwanan wata da tawada. Abin da ta ce kada a rubuta, a bar shi.

Wajen rubutawa, a yi hattara da kalmar "ta farko". Ana yawan cewa Binta Sukai, wadda ta ci gasar a 1990, ita ce 'yar Arewa ta farko da ta yi nasara, alhali Grace Oyelude a Kano aka haife ta, kuma garin iyayenta yana cikin Yankin Arewa na wancan lokaci. Shatu Garko da ta lashe gasar a 2021 kuwa, abin da ya bambanta ta shi ne ita ce ta farko mai sanye da hijabi. Saboda haka a fayyace ma'aunin da aka yi amfani da shi, wurin haihuwa ne, ko asalin iyaye, ko yankin da aka wakilta, sannan idan jarida da bakin mai labari suka saɓa a kan rana ko adadi, a kawo su duka biyu, a faɗi wanda aka fi gamsuwa da shi da kuma dalili.