Yadda ake noman zoɓo a bayan gida

Zoɓon da ake aunowa a kwano daga kasuwa, mutum zai iya noma shi a bayan ɗakinsa, muddin akwai ɗan fili da rana ke duka tun hantsi har la'asar. Ƙasar Katsina da Daura jigawa ce, ruwa ba ya kwanciya a kanta, kuma irin ta yakuwa, tsiron da ke ba da zoɓo, ke so. Gindi 10 zuwa 15 sun ishi gida miya da abin sha.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokacin shuka. Yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta, dare ya ƙara tsawo, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Wanda ya shuka a Yuni da wanda ya shuka a Agusta kusan tare za su ga fure. Sai dai ta farko ta riga ta kai ƙirjin mutum da rassa ko'ina, ta biyun kuwa 'yar guntuwa ce, zoɓon da za ta bayar bai cika tafin hannu ba. Don haka a shuka da zarar damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a shuka ta ƙarƙashin fitilar sola mai kwana a kunne: hasken na hana ta gane cewa dare ya yi tsawo, sai ta yi ta ganye, furen ya makara.

A nemi gurguzu, wato irin shuka, na yakuwa ja mai duhu, wadda zoɓonta ke da kauri. Farar yakuwa ta fi dacewa da miya. A kafce wurin, a zuba ruɓaɓɓen takin awaki kamar cikin hannu biyu a kowane gurbi, a cakuɗa da ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. In wurin kwari ne, a yi kunya a shuka a samanta, domin ruwa in ya kwana biyu a gindin yakuwa saiwar ruɓewa take yi, sai a ga ganye ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Kada a shuka inda aka cire kuɓewa ko rama bara; dangi ɗaya ne, cutar saiwarsu ɗaya.

Tsakanin rami da rami santimita 60 zuwa 75, zurfi kamar gaɓar yatsa ɗaya, ƙwaya 3 ko 4 a rami. Cikin mako guda za ta tsiro. Bayan mako uku a yi cira, a bar ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, waɗanda aka cire kuma su tafi tukunya. A yi noman firi da maimai. In ta kai gwiwa a tsinke kan, za ta yi rassa, kuma a kan rassan zoɓo yake fitowa. A yi hattara da takin zamani, musamman yuriya: in ya yi yawa sai ganye kore shar, zoɓo kaɗan. A kuma killace wurin, don akuya ba ta wuce yakuwa.

Akwai wasu ƙananan ƙwari masu tsalle da ke huda ganye kamar rariya, sun fi ɓarna tana ƙarama. A barbaɗa toka da sassafe kafin raɓa ta bushe, ko a daka 'ya'yan bedi a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma duk mako.

Furen kwana ɗaya yake yi, ruwan ɗorawa mai haske da jan ciki, sai ya faɗi. Mako biyu zuwa uku bayan haka kwanson furen, wato zoɓon, ya cika, ya yi ja sosai, yana sheƙi, in an lanƙwasa shi sai ya karye ƙas. Lokacin ɗiba ke nan. Na ƙasa ke fara nuna, saboda haka a riƙa bi duk bayan kwana huɗu ko biyar da almakashi ko wuƙa, kada a fizga da hannu a yage reshe. Wanda aka bari ya tsufa zare yake yi.

Ɓara a yi ta ranar da aka ɗiba. A yanke gindin kwanson a turo ƙwallon gurguzun da ɗan bututun ƙarfe, ko a tsaga gefe da wuƙa. Ƙwallon yana da gashi mai ƙaiƙayi, a sa safar hannu.

Shanya ce ke raba zoɓo mai kyau da na banza. A baza shi ɗaiɗai a kan tabarma ko faranti a bisa wani abu, ba a ƙasa ba, inda iska ke ratsawa, a inuwa in da hali, don rana mai zafi na kashe launin. Ga ƙurar hunturu ta fara, sai a rufa masa tsohon gidan sauro. A juya shi kullum, a shigar da shi ɗaki da dare. Cikin mako guda zai bushe har ya riƙa ƙara in an damƙa. Kilo 10 na ɗanye yakan koma wajen kilo 1. In an ɗaure shi a leda da sauran laima, fumfuna zai yi, kuma wanda ya yi fumfuna zubarwa ake yi.

A ware gindi biyu mafiya kyau, kada a taɓa su har ƙwallon ya bushe ya fara tsagewa da kansa. A sussuke gurguzun a sheƙe, a zuba a kwalba da ɗan toka don irin baɗi. In ya yi yawa, masu daddawar batso za su saya.