Yadda ake neman zobe ko sarƙar gwal da na'urar gano ƙarfe

Kafin mutum ya saye ta ko ya yi hayarta, ya kamata ya sani cewa na'urar nan ba ta san gwal ba. Faifan da ke ƙasan sandarta maganaɗisu yake aikawa cikin ƙasa, duk ƙarfen da ya gamu da shi sai ya mayar da amsa, ita kuma ta yi ƙara, ta nuna lamba gwargwadon girman ƙarfen da yadda yake ɗaukar lantarki. Azurfa da tagulla sukan ba da lamba babba, amma gwal ɗin ado, da yake gauraye ne da wasu ƙarafa (mai karat 18 kashi 75 cikin 100 ne kawai zinariya, mai karat 22 kuwa kusan kashi 92), yakan faɗo daidai inda takardar alminiyam da kunnen gwangwanin lemo suke faɗowa. Saboda haka wanda ya saita na'urarsa ta riƙa tsallake shara, gwal ɗin ma za ta tsallake. Ɗan kasuwar da ya ce tasa zinariya kaɗai take ji, kuma daga nesa, kada a ba shi ko kwabo.

A fara da gwaji a gida. A ƙulle zobe da ɗankunne da sarƙa kowanne a cikin ledarsa, a ɗaura musu zare, a binne su a zurfi dabam-dabam, sannan a bi kansu ana lura da ƙarar kowanne. Zobe da awarwaro su ne masu sauƙi, domin lantarki yana zagaya da'irarsu, kuma matsakaiciyar na'ura takan ji zoben aure a zurfin kimanin santimita 15 zuwa 20. Siririyar sarƙa ita ce mai wahala, domin na'urar kowane ɗan ƙulli take gani shi kaɗai, har sau da yawa maƙullin sarƙar ko abin da aka rataya mata ne kawai zai yi ƙara. Irin wannan sai na'urar da mitarta, wato saurin kaɗawar maganaɗisun da take aikawa, ta kai kilohaz 18 zuwa sama, da ƙaramin faifai.

Ƙasar Legas ma tana da nata hali. A busasshen yashin bakin tekun Elegushi ko Tarkwa Bay kowace na'ura za ta yi aiki, amma da an taka jiƙaƙƙen yashi sai gishirin teku ya sa na'urar da ke aiki a kan mita guda tak ta riƙa ƙarar ƙarya. Nan sai mai mitoci da yawa, irin Equinox ta kamfanin Minelab. A tsakar gida a Agege ko Idi-Araba kuwa, tsofaffin ƙusoshi da murafun kwalba da wayoyin lantarki ne ke rikita ta, sai a rage ƙarfin jinta, a daidaita ta da ƙasar wurin, a kashe janareta. A cikin ɗaki mai daɓen kankare da aka sa wa rodi, tsintsiya da tocila sun fi ta amfani.

Wajen nema, a shata wurin da ake zargi, a bi shi layi-layi a hankali, faifan yana kusan shafar ƙasa, kowane shafi yana hawa rabin na baya, kuma a tona duk ƙarar da ba ta baƙin ƙarfe ba ce. A nemi izinin masu wuri tukuna, musamman a bakin tekun da ake biya a shiga, kuma idan abin wani aka tono, tsintuwa ce, sai a yi cigiyarta.