Yadda za a horar da mai harhaɗa magunguna a asibiti kafin a bar shi ya tsaya shi kaɗai

Wanda ya gama karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, sai ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki kafin hukumar PCN, mai kula da masu harhaɗa magunguna a Najeriya, ta yi masa cikakkiyar rajista, wasu kuma su ɗora da horon ƙwarewa a ƙarƙashin WAPCP, kwalejin masu harhaɗa magunguna ta Afirka ta Yamma. A babban asibiti irin na koyarwa da ke Shika, akan zagaya da masu sanin makamar aikin sashe-sashe. Sai dai cika wata biyu a sashen yara bai nuna mutum ya iya aiki ba. Mai horarwa kada ya sa hannu sai a kan abin da ya gani da idonsa.

Da farko a rubuta ayyukan kowane sashe, kada su wuce takwas, kowanne ya zama abin da za a iya tsayawa a kalla. "Ya san maganin zazzaɓin cizon sauro" ba ya aunuwa. A rubuta: "Zai lissafa allurar artesunate ya haɗa ta daidai." Sannan a ba shi yaro mai kilo 14. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wato 42 ke nan. Kwalba mai miligiram 60 ana narkar da ita da mililita 1 na bikabonet ɗin da ke cikin kwalinta, a jira ta washe, a ƙara mililita 5 na ruwan gishirin asibiti (normal saline), sai a ja mililita 4.2 a yi ta jijiya. Inda aka fi tuntuɓe shi ne a yi amfani da miligiram 2.4 a kowane kilo na manya, yaron ya sami ƙasa da abin da yake buƙata. Wani kuma ya haɗa ya ajiye, alhali ba a son ta wuce awa ɗaya.

Lissafin ƙoda ma a tsaya a kansa sosai. Tsarin Cockcroft-Gault, na ƙiyasta ƙarfin aikin ƙoda daga sinadarin kiriyatinin da ke cikin jini, da miligiram yake aiki, takardar gwaji kuwa sau da yawa da maikromol take zuwa, sai an raba da 88.4. Tsohuwa mai shekara 70, kilo 60, kiriyatinin maikromol 177, aikin ƙodarta zai fito kusan mililita 25 a minti. Tambayar da ke biye ita ce ta fi muhimmanci: idan an rubuta mata metformin na ciwon suga ko gentamicin mai kashe ƙwayoyin cuta, me zai gaya wa likita, kuma da wane lafazi? Wanda ya iya lissafi amma ya kasa buɗe baki a zagayen likitoci, da sauransa.

Amincewa hawa-hawa ce. Ya kalla, ya yi kana tsaye kusa da shi, ya yi kana inda zai kira ka, sannan ya yi shi kaɗai. A kalle shi aƙalla sau uku a ranaku daban-daban, in da hali ba mutum ɗaya ba, har da ranar cunkoso. Gyara kuma a yi shi nan take, a keɓe, ba a gaban majinyaci ba. A kundin horo a rubuta kwanan wata, aikin, da abu ɗaya da zai gyara. "Madalla" kawai ba ta koyar da kowa komai.

A tagar ba da magani, a saurari Hausarsa. "Baba, maimaita mini yadda za ka sha" ta fi "ka gane?", domin dattijo zai ce ya gane don kunya. A duba ko yana tambayar mai ciwon suga game da azumi, da kuma yadda zai adana insulin a zafin watan Afrilu. A sa shi ya cike takardar NAFDAC mai ruwan ɗorawa ta rahoton illar magani ko da sau ɗaya ne. Firijin sashe kuma ya riƙa rubuta sanyinsa safe da yamma, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ya san wanda zai kira idan wuta ta ɗauke.

Wanda ya kasa aiki ɗaya ba sai ya maimaita sashen duka ba. A sa masa ranar sake gwaji cikin mako biyu, a rubuta ta a kundin, dukansu su sa hannu.